Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin asibitocin ɗalibai na jami'o'in Teksas, a kan saurayin da ke zaune a mota

Ya ku shugabanni, bayan gaisuwa da fatan alheri,

Ni Bahaushe ne, malamin jinya, kuma shekara bakwai ke nan ina aikin yamma a asibitin ɗalibai na wata kwaleji a kudancin Teksas. Ba zan faɗi sunanta ba, domin kukan da na kawo ba ita kaɗai ya shafa ba. Tana cikin makarantun da gwamnatin tarayya ta ware wa suna na musamman saboda aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ɗalibansu 'yan Latino ne, wato masu tushe a Meziko, ko Fuwato Riko, ko El Salbado da sauran ƙasashe masu jin Sifaniyanci. A wajenmu kashi 25 wasa ne. In ka leƙa aji, waɗanda ba Latino ba sai ka ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Na rubuta wasiƙar nan da Hausa don da ita nake tunani, kuma don 'ya'yan mutanenmu na Houston da Dallas su ma a irin waɗannan azuzuwa suke zaune. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Tagar ɗakin da nake aiki tana kallon wurin ajiye motoci, kuma ta nan na koyi abin da ba a koya mini a makarantar jinya ba. Mota za ta tsaya. Yarinya ta fito, ta gyara jakarta, ta shigo. Saurayin, ko mijin, ya yi zamansa bayan sitiyari, inji a kunne saboda zafin Teksas, kai a sunkuye kan waya. Minti arba'in, wani lokaci awa guda. Mu kuwa a ciki mun auna hawan jininta, mun tambaye ta yaushe ta ga al'ada, mun jera mata ƙwaya da allura da ashanar fata da robar mahaifa, ta zaɓa ko ta ce sai ta yi tunani. Ta fita da 'yar leda a hannu ko filasta a damtse, ya ja mota su tafi. Idan ta dawo bayan wata uku na tambaye ta ko sun yi maganar, amsar kusan ɗaya ce. Ya kalle ta ya ce "¿Todo bien?", wato lafiya dai ko? Ta ce lafiya. Shi ke nan hirar da mutum biyu suka yi a kan abin da zai iya juya rayuwarsu ta shekara ashirin.

Na sha ta da maganar a taro. Duk lokacin da na ta da ita, wani zai jingina da kujera ya ce machismo ne, sai a gyaɗa kai a wuce batu na gaba. Kalmar tana nufin irin mazantakar nan ta isa da nuna iko, namijin da ba a tambayarsa ina za shi kuma ba ya tambayar kowa shawara. Ban ce babu ita ba. Na taɓa jinyar yarinyar da take ɓoye ƙwayoyinta a kwalbar bitamin don saurayin yana binciken jakarta. Amma kalmar ta zama mana matashin kai. Da zarar an furta ta, laifin ya koma kan al'adar yaran, mu kuma mun wanke hannu. Masu binciken halayyar ɗan Adam a nan Amurka sun daɗe da nuna cewa a cikin al'adar nan ɗaya akwai abin da ake kira caballerismo: mutunci, cika alkawari, tsare iyali, girmama mace. Yaron da ya bar wurin aikinsa na gini ko na gidan abinci da tsakar rana, ya yi asarar kuɗin awa biyu don ya kawo ta asibiti ya jira ta, wanne daga cikin biyun yake nunawa? Ban taɓa jin an yi wannan tambayar a taro ba.

Abin da ni na fi gani a fuskokinsu, na san shi tun ina yaro a gidanmu. Su suna ce masa pena ko vergüenza, mu muna ce masa kunya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba, balle ya zaunar da mu ya yi mana bayanin abin da ke tsakanin miji da mata. Iyayen yaran nan da yawa haka suke. Uwa za ta ja 'yarta gefe ta ce "cuídate", kula da kanki. Uba zai dafa kafaɗar ɗansa ya ce kada ka jawo mana magana, a wani gidan ma ya zura masa kwaroron roba a aljihu ba tare da sun haɗa ido ba. An gama tarbiyya ke nan a wannan fannin.

Ku tsaya a kan kalmar nan cuidarse, domin a nan gizo ke saƙa. Ma'anarta kula da kai, kuma da ita ake rufe duk maganar hana ɗaukar ciki, kamar yadda mu muke cewa wance tana hutawa. Saurayi zai ce wa budurwarsa "¿Te estás cuidando?", kina kula da kanki? A zuciyarsa ya yi abin da ya kamata, ya tambaya. Amma ku duba yadda tambayar take: ita ce mai kulawa, shi mai bincike ne kawai. Kuma amsar "e" tana iya nufin komai. Tana iya nufin akwai roba a mahaifarta da za ta yi shekara goma. Tana iya nufin tana shan ƙwaya amma ta manta sau uku a satin jarrabawa. Tana iya nufin tana ƙirga kwanaki a manhajar waya. Sai kuma ɗayan gefen, wanda ya fi ba ni tsoro. Zan tambayi yarinya me suke amfani da shi, ta sunkuyar da kai ta ce "Él me cuida", shi yake kula da ni. Sabon ma'aikaci da bai san harshen ba zai rubuta kwaroron roba a fom. Sau da yawa ba haka take nufi ba. Azalo take nufi, janyewa kafin ya kawo. Shi kuma yaron yana alfahari da hakan, yana ganin ya ɗauke mata nauyi, kuma da niyya mai kyau yake yi.

Ba wanda ya taɓa nuna masa lissafin. A yadda mutane ke amfani da hanyoyin nan a zahiri, da mantuwarsu da gaggawarsu, cikin mata 100 da suka dogara da azalo tsawon shekara guda kimanin 20 za su ɗauki ciki. Da kwaroron roba kimanin 13 ne, amma idan ana sa shi daidai, kowane lokaci, daga farko har ƙarshe, adadin yana sauka zuwa 2. Ƙwaya 7, allura 4, ashanar fata da robar mahaifa ƙasa da 1. Tazarar da ke tsakanin 13 da 2 ɗin nan gaba ɗayanta a hannun namiji take. Kuma kwaroron ne kaɗai a jerin yake tare ciwon sanyi da ƙanjamau, a ƙasar da kusan rabin sababbin masu kamuwa da cututtukan da ake ɗauka ta jima'i ba su wuce shekara 24 ba. Waɗannan alƙaluma suna manne a bangon ɗakina. Wanda ya fi buƙatar ganinsu yana mota.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Ɗan aji biyu ne, yana karatun injiniya, shi ne na farko a danginsu da ya taka jami'a. Ya shigo wata Alhamis dab da tashi, ya ce kansa ke ciwo. Na auna shi, lafiyarsa ƙalau. Sai da na fara tattara kaya ya ce, yana kallon takalminsa, wai abokinsa ne ya aiko shi da tambaya. Na ce to, me ya sami abokin? Kwaroro ya fashe daren Lahadi. Kwana huɗu ke nan, shi da yarinyar ba wanda ya ce uffan, kowa yana jiran ɗayan ya fara. Ya san akwai ƙwayar gaggawa, ya ma je kantin magani ya tsaya gabanta ya juyo, domin ya ɗauka maganin zubar da ciki ce, kuma ya ji an ce a Teksas yanzu ɗaure mutane ake yi a kan haka. Na zaunar da shi na ce masa ƙwayar gaggawar nan, Plan B, jinkirta fitar ƙwan mace take yi, ba ta taɓa cikin da ya riga ya shiga. Cewa tun 2013 kowa na iya sayenta ba takardar likita, mace ko namiji. Cewa ta fi aiki cikin awa 72, kuma ya riga ya wuce su. Amma akwai wata mai suna ella da ke kaiwa kwana biyar in likita ya rubuta, akwai kuma robar mahaifa ta jan ƙarfe da ta fi duka in an sa ta cikin kwanakin nan. Sauran kwana ɗaya. Ya ɗago kai ya ce, "To yaya zan fara ce mata?" Ya manta da abokin.

Wannan tambayar ita ce dalilin wasiƙar nan. Bai tambaye ni izini ba, bai musa nauyin da ke kansa ba. Jimlar farko yake nema. Muka zauna muka haɗa ta tare, rabi Turanci rabi Sifaniyanci kamar yadda suke magana, ya fita waje ya buga waya. Washegari da safe suka zo su biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ne muka bar shi da gora ba fafi.

A ina zai koya? Sai a Nuwamba 2020 hukumar ilimi ta jihar Teksas ta sabunta manhajar darasin lafiya, karo na farko cikin shekaru fiye da ashirin, ta sa bayanin hanyoyin hana ɗaukar ciki a azuzuwan ƙaramar sakandare, kuma sabon tsarin bai fara aiki ba sai 2022. A 2021 kuma aka yi dokar da ta ce sai iyaye sun sa hannu kafin yaro ya zauna a darasin. Mafi yawan waɗanda suka ratsa ta ɗakina a shekarun nan, tsohuwar manhajar suka yi, mai cewa a ƙaurace kawai. Suka iso wajenmu, mu kuma tsarinmu bai san da zamansu ba. Ƙa'idar likitoci ta ce a riƙa gwada duk macen da ta fara jima'i kuma ba ta kai 25 ba don gano ciwon sanyin da ba ya nuna alama. Ba a kafa irin wannan ƙa'ida ga samari masu hulɗa da mata ba. Saboda haka ita tana da dalilin zuwa duk shekara, shi sai ya karye a filin ƙwallo. Fom ɗin da muke ba mace yana tambayar ko tana son ɗaukar ciki cikin shekara mai zuwa. Na namiji yana tambayar sigari da giya. Abin da muka tanadar masa shi ne kwano cike da kwaroro a bakin ƙofa, ya ɗiba a guje kamar mai satar gyaɗa.

Akwai tarihin da nake ganin duk ma'aikacin da zai yi wannan magana da iyalan Latino ya wajaba ya sani. Ranar 15 ga Oktoba 1951, a ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin Syntex a birnin Meziko, wani ɗalibin jami'a ɗan shekara 26 mai suna Luis Miramontes, yana aiki ƙarƙashin Carl Djerassi da George Rosenkranz, ya haɗa sinadarin norethisterone, wanda har yau yana cikin ƙwayoyin tazarar haihuwa da yawa. Tushen sinadaran da kamfanin ke aiki da su wata doyar daji ce da ake kira barbasco, wadda manoman Meziko ke haƙowa. Nakan ba samarin labarin nan in ga yadda suke gyara zama. Ɗalibi ne kamarsu, mai suna irin nasu.

Amma labarin yana da ɗaci a ɗaya gefen. A 1956 aka fara babban gwajin ƙwayar farko a unguwar Río Piedras ta Fuwato Riko, a jikin matan talakawa da ba a yi wa cikakken bayani cewa gwaji ne ba, da ƙarfin magani da ya ninka na yau sau da yawa. Likitar da ke kula da aikin a can, Edris Rice-Wray, ta kai rahoton jiri da amai da ciwon kai, aka yi biris da ita. A 1960 aka amince da ƙwayar a Amurka. A tsibirin Fuwato Riko dai, wani bincike na 1965 ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na iyaye mata masu shekara 20 zuwa 49 an juya musu mahaifa. Abin ya zama ruwan dare har ana kiransa la operación kawai, aikin nan, ba sai an faɗi wanne ba. A Los Angeles kuma mata goma 'yan asalin Meziko suka kai ƙara cewa an ɗaure musu mahaifa a babban asibitin gundumar, wasu an miƙa musu takardar Turanci su sa hannu suna tsakiyar naƙuda. A 1978 alƙali ya ba likitocin gaskiya, sai dai shari'ar ta taimaka aka tilasta fom na yarda da harshen da mace ke ji. Waɗannan matan sa'o'in kakannin ɗalibanmu ne. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Idan yaro ya ce mini kakarsa ta ce robar mahaifa tana hana haihuwa har abada, ba na yi masa dariya. Nakan ce masa kakarsa tana da dalilin tsoro, sannan in nuna masa robar a tafin hannuna in gaya masa ana cire ta cikin minti kaɗan duk ranar da mai ita ta so.

Ba sai na tuna muku yadda ƙasa ta sauya ba. Tun Satumba 2021 Teksas ta taƙaita zubar da ciki zuwa kimanin mako shida, bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yuni 2022 kuma ta haramta shi kusan baki ɗaya. Ban zo muhawara a kan wannan ba. Abin da nake cewa shi ne, shirun kwana huɗu yanzu ya fi da tsada. Dokar jihar ta ɗora wa uban da ba ya tare da ɗansa biyan kuɗin ciyarwa, kimanin kashi 20 cikin ɗari na abin da ya rage masa bayan haraji, har yaron ya kai 18. Teksas ce kan gaba a yawan marasa inshorar lafiya. Masu inshorar iyaye kuma, wadda doka ta bari su ci gaba da mora har shekara 26, suna tsoron takardar bayanin kuɗi da kan isa gida da sunan gwajin da aka yi. Na ga ɗalibai da suka ajiye karatu da niyyar zango ɗaya, ban sake ganin su ba.

Wani zai ce addini ne ya ɗaure musu baki. Gaskiya ne Cocin Katolika, a wasiƙar Fafaroma Paul na shida ta 1968, ya haramta hanyoyin hana ɗaukar ciki na magani da na roba, ya bar ƙirgen kwanaki. Amma binciken cibiyar Pew ya nuna Katolika a cikin baligan 'yan Latino na Amurka sun ragu daga kashi 67 a 2010 zuwa 43 a 2022, kuma ƙirgen kwanakin ma da Cocin ya halatta ba ya yiwuwa sai miji da mata sun zauna da kalanda a gabansu. Ni kaina Musulmi ne, kuma ra'ayina a kan kusantar mace kafin aure ba ɓoyayye ba ne. Duk ɗalibin da ya tambaye ni nakan faɗa masa. Sai dai ba alƙali aka ɗauke ni ba, kuma da yawa daga cikin masu zaman motar nan ma'aurata ne, wasu da kujerar jariri a baya. Nakan tuna cewa Imamu Malik ya ce namiji ba ya yin azalo ga matarsa sai da izininta. Izini kuwa ba a samunsa da ido, sai an buɗe baki. A yankin Damagaram na Nijar, da tallafin asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, an kafa makarantun mazaje inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da tazarar haihuwa. Idan magidancin ƙauye mai rawani zai iya wannan zama, ban ga abin da zai hana ɗan aji biyu a injiniya ba.

Kada a ji ni a karkace. Shigo da namiji ba miƙa masa linzami ba ne. Jikinta ne, zaɓin ƙarshe nata ne. Kowace mace sai mun fara ganin ta ita kaɗai, mun tambaye ta ko tana so a kira shi, ko akwai wanda ke matsa mata ko yake ɓata mata magani. In ta ce a bar shi a waje, a waje zai zauna, kuma ba zai ji komai daga bakinmu ba. Yarinyar kwalbar bitamin ba za ta taɓa ganin saurayinta a ɗakina ba. A zaman samarin kuma dole a faɗi abin da ba su son ji: cewa "¿No confías en mí?", wato ba ki yarda da ni ba, matsi ne ko da an faɗe shi da murmushi, cewa cire kwaroro a ɓoye cin amana ne, wanda Kalifoniya ta fara mayarwa laifin da ake kai ƙara a kansa a 2021, da ƙudurin 'yar majalisa Cristina Garcia.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon gini. A ƙara tambaya ɗaya a fom ɗin maza: kana son zama uba cikin shekara mai zuwa, in a'a, me kuke yi kai da ita? Duk wanda ya shigo da mura ko targaɗe ya amsa ta, kamar yadda mace ke amsa tata. A horar da ma'aikata su san me "él me cuida" ke nufi kafin su cika fom. Teksas tana da tsarin ba da shaida ga ma'aikatan lafiya na unguwa, waɗanda ake kira promotoras, galibinsu mata. A ɗauki ɗalibai maza 'yan aji uku da huɗu a horar da su a kan wannan hanya, a biya su, su riƙa zama da ƙannensu a inda suke taruwa, bayan ƙwallo ko a ɗakin kwana, ba a zauren lacca da majigi ba. Kuma zaman kada ya tsaya kan hoton mahaifa. A sa su su furta jimlolin da bakinsu, da harshen da za su yi amfani da shi a daren, har dariyar kunya ta ƙare: me kike amfani da shi, yana damun ki, nawa ne in biya rabi, in ya fashe me za mu yi. Tun Maris 2024 ana sayar da ƙwayar hana ɗaukar ciki mai suna Opill a kanti ba takardar likita. Saurayin da ya san haka, ya kuma san sai an sha ta kullum a lokaci ɗaya, ya riga ya zama mai amfani.

Na ƙarshe shi ne mafi sauƙi. Idan mace ta ce tana so, a ba ni izini in fita in ƙwanƙwasa gilashin motar in ce masa bismillah, shigo. Kujera ta biyu na riga na ɗauko daga ɗakin taro, tana nan kusa da ma'aunin jini. Fom ɗin ne ba ni da ikon taɓawa sai da sa hannunku.

Ku huta lafiya.

Naku,
Malamin jinya na aikin yamma,
kudancin Teksas